Akwatin da Kafinta Ya Haɗa

Malama na kicin tana wanke kofunan shayi, amma kunnenta na falo. Surukarta Hajiya ce ta zo tun da hantsi, ta baje takardun motoci a kan tebur kamar ita za ta tuƙa. Shekara uku ke nan Malama da mijinta Kafinta suna burin ƙaramar mota mai lantarki, irin wadda ake jona wa caji a gida kamar waya. Yanzu zaɓi ya rage tsakanin biyu, ja da fara.

"Jar za ka ɗauka," in ji Hajiya. "Kai ka ce caji ɗaya yana kai ta nesa, ga ta tsaf, daidai kai da matarka. Ita waccan baiwar Allah da kekenta, ai tana da ɗa namiji. Gidansa ya kamata ta koma."

Baiwar Allahn da ake nufi Inna ce, mahaifiyar Malama, wadda ɓarin jikinta na hagu ya shanye bara, take zaune a ɗakin baya da keken guragunta. Malama ta kashe famfo don ta ji amsar mijinta.

"To Hajiya," ya ce, "za a duba."

Za a duba! Ranta ya yi mummunan ɓaci. Dama haka yake, mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ya ba ka rabin amsa. Lokacin da yake nemanta wannan shirun ne ya burge ta. Yau kuwa tsoro ya ba ta.

Bayan kwana biyu ta dawo daga makaranta ta tarar da shi a tsugune a ƙofar ɗakin Inna. Tsohuwar na barci, shi kuma ya naɗe keken yana auna shi da tef, fensir a bayan kunne. Yana ganinta ya cusa tef ɗin a aljihu.

"Me kake aunawa?"

"Ba komai."

"Ba komai ake yi wa tef da fensir?"

Ya yi murmushi ya wuce shagonsa da ke bayan gida. Washegari sai ga wani akwatin katako mara nauyi a kan bencin aikinsa. Da ya fita sayen ƙusa, Malama ta lallaɓa ta auna akwatin da tafin hannu, ta koma ta auna keken a naɗe. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya. Wa ke yi wa keke akwati in ba tafiya za a yi da shi ba?

Ta shige banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska, amma ina, uwa ba a ɓoye mata ido. Da ta kai mata ruwa, Inna ta dube ta ta ce, "Na ji maganar surukarki ranar nan. In nauyi na yi muku, ki faɗa mini, ba zan zama silar mutuwar aurenki ba."

"Inna, ki daina faɗin haka."

"Ke dai kada ki yi masa rashin kunya. Ba ki ji daga bakinsa ba."

Malama ta haɗiye maganar, amma daga ranar komai ya yi sai ta fassara shi. Ya amsa waya a waje, da yayanta yake shirya tafiyar. Ya gaishe da Inna da fara'a, sallama ce yake yi. Inna kuwa ta fara ninke kayanta da hannu ɗaya, tana turawa cikin jaka.

Ranar Asabar da safe Kafinta ya ɗora akwatin a tasi ya tafi. Malama ta ja mayafi ta tare wata ta bi shi, ta riga ta gama yanke cewa tasha za shi. Sai motar da yake ciki ta tsaya a wurin sayar da motoci. Ta sauka ta laɓe bayan wata babbar mota.

Ya buɗe but ɗin jar, ya tura akwatin. Ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya kwantar, ya karkata.

"Oga, don Allah kada ka goge mini fenti," in ji dillalin motocin. "Ko ka wuni a nan ba zai shiga ba."

Kafinta ya shafa jar motar a hankali. Malama ta san hoton motar nan ne a fuskar wayarsa tun bara. Ya ɗauki akwatin ya nufi farar, wata mai tsayi, kusurwa huɗu, ba ta da wani kyau. Akwatin ya shige sumul, but ya rufu.

Bai tsaya nan ba. Ya zaro wani siririn katako ya ɗaure a ƙafarsa ta hagu da bel don kada gwiwar ta lanƙwashe, ya riƙe hannun hagu a ƙirji, ya gwada shiga kujerar baya. A jar ya buga kai har sau biyu. A farar ya zauna ba wahala. Malama ta toshe baki, domin zaman Inna ke nan sak.

"Ka dai sani batirin farar ƙarami ne," in ji dillalin. "Sai ka yi mata caji biyu kafin jar ta nemi ɗaya. Abokanka kuma za su ce firij ka sayo."

"Su faɗa. Daga gida zuwa asibiti kilomita tara ne, ta isa. Kawo takardun."

"Kafinta," in ji Malama, tana fitowa daga inda ta laɓe.

Ya waiwayo, katako a ƙafa, kunya ta kama shi. "Malama? Me ya kawo ki?"

"Zargi," ta ce, hawaye na zuba. "Na ɗauka akwatin tura keken Inna gidan Yaya ka haɗa."

"Ni?" Fuskarsa ta canza, ta ga maganar ta soke shi. "Na haɗa shi ne don kada in raba ta da kekenta duk ranar da zan zo gwaji."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Mota huɗu na gwada a wasu wuraren, ba wadda ta ɗauka. Ban so in sa miki rai a banza ba. Hajiya kuma uwata ce, ba zan yi musu da ita ana ji ba. Jiya na same ta a gida, na ce mata Inna ba inda za ta. Ta yi faɗanta ta gama."

"Ka yafe mini."

"Ni ma ki yafe mini. Na auna komai, na manta ban auna abin da shiruna zai yi miki ba."

Da la'asar farar motar ta shiga gida ba ƙara ba hayaƙi. Suka tarar da Inna a falo cikin kekenta, ta yafa mayafi, jakarta a cinya.

"Motar ta zo?" ta ce a hankali. "Na shirya."

Kafinta ya durƙusa a gabanta, ya karɓi jakar ya miƙa wa matarsa. "A mayar da wannan ɗaki. Inna, zagaya unguwa kawai za mu yi, ki gwada kujerarki."

Ranar Malama ta gane cewa zargi a cikin shiru yake girma, kuma da ta biye wa zuciyarta ta yi masa tijara, da ta rusa gidanta a kan akwatin da aka haɗa don ƙaunarta. Unguwa kaf ta sa wa motar suna firij. Inna kuwa, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta nuna masa ita ta taga, ta ce, "Ga motata can, ɗana ne ya auna mini."