Wata Nawa Raƙuma Ke Ɗaukar Ciki?

A birnin Tawa akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ba ta da abin so kamar gasar tambayoyin da ake nunawa a tele. Kowace Asabar bayan la'asar ake yin ta. Ɗaliban jami'o'i ne ke karawa. Da farko a yi ta mutum ɗaya-ɗaya, daga baya a yi ta ƙungiya-ƙungiya, mutum uku a kowane teburi.

Ranar Asabar ce kaɗai ba a kiran yarinyar nan sau biyu. Kafin innarta ta buɗe baki, ta gama wanke-wanke, ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma a gaban tele.

Tana da gwanarta a gasar. Sunanta Aminatu, 'yar Kalfu, nan kusa da Tawa. Ita ce shugabar ƙungiyarsu. Kai, Aminatu akwai kai! Ba ta rawar murya, ba ta fariya. In ta ba da amsa, sai ka ji mai gabatarwa ya ce, "Daidai ne!"

Yarinyar tana da kaye, wato littafin rubutu, wanda ta keɓe don gasar kawai. Da an jefa tambaya sai ta sunkuya ta rubuta. Da ta ji muryar Aminatu sai ta rubuta amsa. Har a gama shirin kanta yana ƙasa.

Babanta, Malam Sabo tela, yakan tsokane ta. "Ke ɗiyata, kallo kinka zo ko rubutu?"

"Baba, kunne ya ishe ni," in ji ta. "Aminatu ta san komi. Ni ma haka nika son zama."

Wata rana malaminsu, Mushe Almustafa, ya shigo aji da albishir. Za a yi gasa tsakanin ajinsu da ɗaya ajin na shida, Juma'a biyu a jere. Ajin da ya fi tara maki shi zai wakilci lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, a gasar makarantun gari.

Ya zaɓi yara uku. Yarinyar ce shugaba. Sai Salima, gwanar lissafi. Sai Tanna, wadda ta zo daga Tebaram a bana, iyayenta makiyaya ne. Tanna ba ta da yawan magana, kuma Faransancinta a hankali yake fita.

"Ku ji doka," in ji Mushe. "Allo guda za a ba ku, da alli guda. In an yi tambaya, ku shawarta. In na buga teburi, ku ɗaga allo."

Yarinyar ta ji maganar allo. Maganar shawara kuwa ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Ranar Juma'a aka jera benci a inuwar bedi, wato itacen dogon yaro. Yara suka cika fili. Yarinyar ta janye allo gabanta, ta kare shi da hannu kamar mai ɓoyon ƙosai.

Aka tambayi babban birnin Senegal. Ta rubuta Dakar, ta ci. Aka tambayi sunan wani teku, ta ci. Nan fa kanta ya fara girma. Da aka kawo lissafi, Salima ta miƙo hannu. Yarinyar ta ƙi ba ta alli. Ta yi sauri, ta kuskure.

Sai ga tambayar ƙarshe, mai maki uku. "Wata nawa raƙuma ke ɗaukar ciki kafin ta haihu?"

Wannan kam babu ita a kaye. Tanna ta taɓa hannun yarinyar, ta ce a hankali, "Na san ta. Bari in hwaɗa miki."

"Yi shiru, kina ruɗa ni!" in ji yarinyar. Ta rubuta tara.

Mushe ya buga teburi. Ta ɗaga allo sama sosai. Yaran da suka san dabbobi suka fashe da dariya. Ɗaya ajin sun rubuta goma sha uku, kuma su suka ci. Suka wuce da maki huɗu.

Tanna ta miƙe. Ta ɗauki jakarta ta tafi, idonta cike da hawaye.

Mushe Almustafa ya kira yarinyar gefe. "Tanna ta ce mini ba ta sake zama bencin nan. Kin san raƙuma nawa ag ga babanta?"

Yarinyar ta girgiza kai.

"Ba ki sani ba, don ba ki tambaya ba. In ba ku dawo ku uku ba ranar Juma'a, zan sa wani a wurinki."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ranar ko tuwon kirki ba ta ci ba. Da innarta ta matsa mata, ta faɗi duk abin da ya faru, babanta yana ji. Bai yi mata faɗa ba.

Washegari Asabar. Ta shimfiɗa tabarma jiki a sanyaye, ta buɗe kaye. Sai babanta ya miƙo hannu.

"Ba ni bik ɗin nan da kika rubutu da shi. Yau da ido za ki kallo."

"Baba, tambayoyin za su wuce ni!"

"Su wuce. Ke dai dubi gwanar taki."

Aka yi gasar mutum ɗaya-ɗaya. Aminatu ta tsaya ita kaɗai, ta amsa da sauri. Yarinyar ta ce a ranta, ai dama na sani.

Sai aka zo gasar ƙungiya. Aka jefa tambaya a kan wata cuta ta shanu. Abin mamaki, Aminatu ba ta taɓa ƙararrawa ba. Ta juya dama, ta saurari abokiyarta. Ta juya hagu, ta kai kunne wajen wani saurayi siriri mai tabarau. Ya raɗa mata magana. Sannan ta danna ƙararrawa, ta faɗi amsa.

"Daidai ne!" in ji mai gabatarwa.

Aminatu ta juya ta tafa wa saurayin. Tambaya ta biyu ma haka ta yi. Ta uku ma haka, ko da yake da ganin fuskarta ka san ta riga ta san amsar.

Yarinyar ta buɗe baki. "Baba, ashe hwaɗa mata sukai?"

"Tun hwarko haka takai," in ji Malam Sabo. "A gasar ƙungiya shugaba kaɗai ka magana, shi ya sa muryatta kawai kika ji. Ke kanki na ƙasa, ba ki taɓa ganin ta juya ba."

Yarinyar ta dubi kayenta. Shafi bayan shafi ta rubuta amsoshin Aminatu, ashe rabinsu na abokanta ne. Ba ta ji Aminatu ta ragu a idonta ba. Ƙara burge ta ma ta yi.

Ranar Lahadi da hantsi ta tafi gidan gwaggon Tanna, inda Tanna ke zaune. Ta tarar da ita tana wanki.

"Tanna, na yi miki laihi. Kin san amsa, na hana ki magana gaban mutane. Ki yahe mini."

Tanna ta ci gaba da wankinta. Can ta ce, "Ni na tsare raƙumarmu tun tana da ciki har ta haihu. Shekara guda da wata guda. Ke kuma kinka ce in yi shiru."

"Ba ni ƙarawa. Don Allah ki dawo."

Tanna ta dube ta, ta ɗan yi murmushi. "To, kama mini matsar zanen ga." Suka matse shi tare.

Juma'a ta zagayo. Yarinyar ta aje allo a tsakiyar benci. Da aka kawo lissafi, ta miƙa wa Salima alli. Suka ci. Aka tambayi sunan wani kogi, ta san shi sarai, amma sai da ta juya dama ta juya hagu. Suka ci. A hankali suka rage tazara, har ya zama maki biyu ne tsakani.

Mushe ya karanta tambayar ƙarshe, mai maki uku. "Wane itace ne ke zubar da ganye da damina, ya yi ganye da rani?"

Yarinyar ta dubi allo. Ba ta sani ba. Salima ma ta girgiza kai. Suka juya wajen Tanna.

"Gawo ne," in ji Tanna. "Shi ka ciyar da bisashenmu da rani."

Yarinyar ta sa mata alli a hannu. "Ke za ki rubuta, ke za ki ɗaga."

Mushe ya buga teburi. Tanna ta ɗaga allo. Ɗaya ajin sun rubuta kuka.

"Gawo ne daidai!" in ji Mushe Almustafa.

Fili ya kaure da ihu. Da maki ɗaya tak suka wuce. Yarinyar ta juya ta tafa wa Tanna, har tafin hannunta ya yi ja.

Tun daga ranar su uku ke zama a tabarma kowace Asabar. Kaye yana nan, amma sai an gama shiri ake buɗe shi. Yarinyar ta gane cewa babu wanda ya san komai shi kaɗai. In kana cikin ƙungiya, ka saurari na damanka, ka saurari na hagunka, kafin ka ba da amsa.