Jan Fenti A Kan Murfi

Ƙarfe tara da kwata na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce mutum ya mutu a kamfanin rinin yadi. Sufeto ya ture kofin shayinsa, ya ɗauki hula, ya ce wa Saje ya fito da mota.

Sun iske ma'aikata sun yi cincirindo a ƙofar sito, suna zagin wata mata da ta kulle kanta a ciki. Wani na cewa a fito da ita, wani na dukan ƙofar da ƙafa. Saje ya daka musu tsawa, suka ja baya suna gunaguni.

Mamacin Gajere suke ce masa, aikinsa wanke durom. Duk durom ɗin da aka ƙarar da maganin cikinsa, shi zai mirgina shi zuwa ɗakin wanki, ya juye ragowar a rami, ya ɗauraye. Ramuka biyu ne a ɗakin, ɗaya na asid, ɗaya na bilic, maganin da ake faranta yadi da shi. Ko sabon ma'aikaci ya san in biyun nan suka haɗu, iskar da za ta tashi ba ta barin huhun mutum. Yau da safe Gajere ya juye asid a ramin bilic.

An riga an kai gawar asibiti. A bakin ƙofar ɗakin aka ce an same shi, rub da ciki, rabinsa a waje. Har yanzu warin yana yajin ido. Sufeto ya toshe hanci da hankici ya leƙa, ya ga fankar da ke zuƙe iska tsaye cak, gizo-gizo har ya yi saƙa a kanta.

Manaja ya tarye shi a ofis mai sanyi, ya miƙa masa ruwan roba, yana ta "yallaɓai" kamar da ita zai biya kuɗin makara. Sufeto ya tsani irin mutanen nan da ba sa gumi ko an yi mutuwa a gidansu. Manaja ya ce abin a fili yake, Foman, shugaban ma'aikata, zai yi bayani, kuma yana roƙo a gama da wuri domin jibi jami'an lafiya za su zo duba kamfani.

Foman ƙato ne, mai tsabtar riga, yana magana yana kallon agogo.

"Gajere bai iya karatu ba, yallaɓai. Shi ya sa mai sito take yi masa alama. Durom ɗin asid, jan fenti. Wanda babu ja, na bilic ne. Zo ka gani."

Ya kai shi bakin ɗakin wanki, inda durom goma sha biyu ke jere, shuɗaye tas. Biyar suna da jan zagaye a kan murfi. Na shida yana yashe a gefe, takardar jikinsa ta ce asid, amma ko ɗigon ja babu a jikinsa.

"Ta manta ɗaya," in ji Foman. "Kuma yayarsa ce fa, ciki ɗaya. Ita ta kawo shi aikin nan."

"Ƙarfe nawa ka gan shi a kwance?"

"Tara saura kwata."

"Shi kuma yana fara aiki ƙarfe nawa?"

"Shida da rabi."

Sufeto ya rubuta. In maganar Foman ta tabbata, matar nan kotu za ta, da laifin sakacin da ya kashe ƙanenta, in ma mutanen waje sun bar ta ta kai kotun da ranta.

Iya Sito, haka suke kiranta, ta buɗe ƙofa da Saje ya ambaci sunan hukuma. Dattijuwa ce siririya, idonta ya yi ja amma babu hawaye. Ba ta gaishe da Sufeto ba.

"Kun zo tafiya da ni? To mu je. Ko gawarsa ba su bar ni na gani ba."

"Zauna, Iya. Kin manta durom ɗaya ko ba ki manta ba?"

"Shekara goma sha ɗaya ina yi masa alama. Ni na goya yaron nan a bayana. Sai yau zan manta?"

"Mutum yana mantuwa."

"Kai ka manta naka," ta ce.

Saje ya yunƙura zai yi magana, Sufeto ya ɗaga masa hannu. Rashin kunyar ba ta dame shi ba, ya fi yarda da ita a kan ladabin Manaja. Ya ce ta faɗa masa yadda take yin alamar, daki-daki, kamar yaro take koya wa.

Ta ce ranar da aka sauke kaya take yi, kafin a buɗe ko ɗaya. Layi take ja da jan fenti a jikin durom, ƙasa-ƙasa, daidai inda idon mai mirginawa yake sauka.

"Ba a kan murfi ba?"

Ta dube shi kamar ya zage ta. "Wane mahaukaci ne zai yi alama a murfi? Murfi ai cirewa ake yi. A wajen wanki na wannan ya koma kan wancan. Tun shekarar farko muka daina, ni da shi."

Sufeto ya miƙe tsam, ya koma wajen durom ɗin. Ya ɗora babban yatsa a kan jan zagayen, ya danna. Yatsan ya manne, ya fito da ja. Ya tsuguna gaban wanda ke yashe, ya ciro makullin mota, ya kankare shuɗin fentin ƙasa-ƙasa. Shuɗin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. A ƙarƙashinsa ga tsohon jan layi nan, ya bushe ƙayau.

Ya koma ofis bai ƙwanƙwasa ba. Da ya tambayi wanda ya shafe durom da shuɗi, Manaja ya fara zuba. Ya ce shi dai cewa ya yi a gyara fili saboda baƙin jibi, durom ɗin sun yi dabbare-dabbare, ba kyan gani. Foman ne ya tsaya jiya bayan an tashi ya shafe su. Shi bai san da wata alama ba, shi ofis yake zama. A lokacin ne gumi ya fara karyo masa.

Ana cikin haka wayar Sufeto ta yi ƙara. Likitan asibiti ne. Ya ce iskar ce ta kashe shi, babu shakka, amma ba nan take ba. Mutumin ya yi aƙalla rabin awa yana fama, da an kawo shi da wuri da wataƙila an yi wani abu. Sannan akwai ɗigon jan fenti uku a bayan rigarsa, ɗanye.

Sufeto ya kashe wayar. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sa Saje ya fasa lokar da Foman yake kulle kayansa a ciki. A ciki suka sami takunkumin gas, shi kaɗai ne mai aiki a duk kamfanin, yana warin bilic, da shatin jan yatsa a igiyarsa. A bayansa ga ƙaramin gwangwanin fenti da buroshi a nannaɗe cikin leda.

A tsakar fili ya sa aka kira Foman, gaban ma'aikata, aka fito da Iya Sito. Ya ajiye takunkumin da gwangwanin a kan durom.

"Ƙarfe nawa ka ce ka gan shi?"

"Tara saura kwata, na faɗa maka."

"To wa ya ɗiga masa fenti a baya yana kwance?"

Foman ya ce bai sani ba. Ya ce kowa na iya buɗe lokarsa. Ya ce matar nan ta daɗe da tsanarsa tun da ta kai ƙararsa kan fankar da ta lalace, sharri ne take ƙulla masa.

"Nuna min inda take yin alama," in ji Sufeto.

Foman ya ɗora hannu a kan murfi. Sufeto ya juyo da durom ɗin da ya kankare, jan layin ya fuskanci jama'a. Sannan ya dubi Foman.

"Jiya ka shafe alamarta da hannunka, ko kallon abin da kake shafewa ba ka yi ba. Ka dai san ja ce. Yau da ka ga abin da ka jawo, ka sa takunkumi, ka karanta takardun jikinsu, ka yi wa biyar sabuwar alama, ka bar ɗaya domin laifin ya zama nata. Ka tsallake Gajere yana kwance kana fenti."

Foman ya zauna a ƙasa. Ya ce ƙarfe bakwai ya zo. Ya ce wallahi bai yi nufin kisa ba, kyau kawai yake so fili ya yi. Da ya ga Gajere a kwance, ya ga durom ɗin, nan take ya gane, sai tsoro ya kama shi. Shekara ashirin yana aikin nan, yana da 'ya'ya. Ya ce a ransa minti goma kawai, ya gyara sannan ya kira mutane.

Ma'aikatan da ɗazu suke dukan ƙofar sito suka yo kansa. Saje ya zare kulki ya tsaya a tsakani. Sufeto ya dube su a wulaƙance, ya ce duk wanda ya matso zai kwana a sel, kuma Manaja ya ɗauko hularsa, shi ma yana da bayanin da zai yi kan fanka.

Aka sa wa Foman ankwa. Za a wuce da shi, Iya Sito ta sha gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Lokacin da kake fentin, yana numfashi?"

Foman ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Yana yi," ya ce. "Yana ta kiran 'Yaya'."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta matsa gefe aka wuce da shi. Sai da motar ta tashi sannan Sufeto ya hango ta ta madubi, ta durƙushe a tsakar fili, ta kifa fuska a cinya, babu wanda ya iya zuwa kusa da ita.