Awon Mutum Biyu

Yo'el ya fara ganin Yunice ne a bakin kasuwar Maraɗi, gaban tulin zogalen da take kawowa daga garkar mahaifinta a Jiratawa. Shi malamin lakkol ne, wato makarantar boko, ɗan kwantiragi, mutumin Tibiri, yana hayar ɗaki guda a Sabon Gari. Sai la'asar yake zuwa, idan ganye ya yi laushi, farashi ya sauko.

"Mushe, wa ke dafa maka?" ta tambaye shi wata rana, da sunan da ake kiran malaman lakkol.

Ya ce shi da kansa. Da ya faɗa mata yadda yake yi, ta rufe baki tana dariya. Ta koya masa ya zubar da ruwan farko don ɗaci ya fita, ya daka ƙuli-ƙuli ya manta da nama, ya shanya ragowar ganyen a inuwa.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Mai zogale, yau kwaɗon ya yi daɗi. Sai dai babu wanda zan ce wa bisimilla."

"Mushena, ci ka ƙoshi. Na amsa daga nan."

Da kawunnansa suka je tambayar aurenta, mahaifinta Hezekiya ya ƙi. Ya ce albashin kwantiragi ba ya zuwa kan lokaci, ɗiyarsa kuwa ba ta saba kwana da yunwa ba. Shi wani Luka ya fi so mata, mai injin ban-ruwa. Lukan ne kuma ya kawo labarin cewa maƙwabta na ganin Yo'el yana zuba abinci kwano biyu kullum da yamma, wai ke nan yana da wata a ɓoye.

Yunice ta daina amsa saƙo. Gwaggonta ta koma kawo zogalen. Yo'el ya ci gaba da saye, bai tambayi kowa komai ba.

Ƙarshen wata Hezekiya ya hau babur ya je Sabon Gari ba sanarwa. Ya tarar da shi kan tabarma shi kaɗai, da dambun zogale a gabansa, ga wani kwano a rufe.

"Wannan fa na wa ne?"

Yo'el ya nuna masa wani tsohon gwangwanin awo. Ya ce lokacin jinyar mahaifiyarsa ya koyi girki, awon su biyu ta koya masa. Bayan rasuwarta ya gwada ragewa, dambun ya caɓe. Kwano na biyun shi yake ci washegari.

Hezekiya ya wanke hannu, ya jawo kwanon, ya cinye.

"Gishiri bai ji ba," ya ce. "Amma wanda ya ƙosar da ni a ƙarshen wata ba zai bar ɗiyata da yunwa ba."

Da yammar nan saƙo ya shigo: "Mushena, ka yafe mini. Gobe ka zo da wuri, kafin ganye ya yi laushi."

An ɗaura auren bayan kaka a majami'ar Jiratawa. Fasto ya sa albarka, ya roƙi Allah kada tukunyarsu ta yi sanyi.

Amarya ta tare da sababbin tukwane, amma gwangwanin ta fara nema. Ta ce kada a canza awon. Tun ranar, kwano na biyu bai sake kwana a rufe ba.