Siririyar Hanya Mara Suna

A tsakiyar gangaren suka yi kiciɓis, mota na fuskantar mota. Hanyar ba ta cin mota biyu, kuma kowa a tsibirin Cape Breton ya san mai gangarowa ne ke ja da baya. Rory Gillis ne mai gangarowa, amma sai ya shagala da kallon mai hawowa.

Isla Beaton ko hon ba ta danna ba. Ta riƙe sitiyari tana jira, kamar a bar ta nan har gobe ma duk ɗaya ne.

Ya leƙo ta taga. "Maƙwabciya! Duk daɗewata wurin aiki can lardin Alberta, na dawo ko harara ba zan samu ba?"

"Yi ribas, Rory."

Ya yi, yana satar kallonta har ya kusa faɗawa kwata.

Gidajensu biyu ne kaɗai a kan hanyar. Da hukuma ta ce a raɗa wa kowace ƙaramar hanya suna, a kafa allo saboda masu agajin gaggawa su riƙa gane wuri, sai Lauchie baban Isla ya ce Beaton za a sa. Dougald baban Rory ya ce sai dai bayan ransa. Tsofaffin nan biyu, kowa da taurin kansa, suka daina gaisawa, hanya ta zauna ba suna.

Bara da sanyi zuciyar Effie, uwar Isla, ta buga. Motar asibiti ta wuce bakin hanyar cikin dusar ƙanƙara, ta juyo, ta sake wucewa, don ba allo. Isla na durƙushe tana danna ƙirjin uwarta, tana jin jiniya na matsowa tana kuma yin nisa. Kafin motar ta gano hanyar, Effie ta rasu.

Tun ranar ba ta yi kuka ba. Tana dafa abinci, tana ci, ba ta jin ɗanɗano. Ta samu aiki a birnin Halifax, kuma ta ƙudurta idan ta tafi ta tafi ke nan.

Rory bai yi zuciya ba. Kullum da safe sai ya kwashe ƙanƙarar hanya har ƙofarsu, sannan ya turo saƙo.

"Maƙwabciyata, hanya ta buɗe. Saura ke."

"Na gode," take mayarwa, ba ƙari.

Wata ran ya rubuto: "Ina sonki, Isla. Ba sai kin ji komai yanzu ba. Zan riƙe na mu biyu kafin naki ya dawo."

Ta daɗe tana kallon wayar. "Idan bai dawo ba fa?"

"Sai in auri mai shiru. Ai surutuna ya ishi gida."

Daga nan ta fara yarda ya zo shan shayi idan babanta ya fita.

Ana haka, wata safiya ta hango shi a bakin hanya yana kafa turken allo. Ashe ɗan Gillis dai ɗan Gillis ne, ta ce a ranta. Ta taka har wurin.

"Sunan gidanku za ka liƙa?"

Ya juyo mata da allon. Fari ne tas, ba harafi ko ɗaya.

"Ba ni da ikon rubuta komai, masoyiya. Amma ko ba komai, direba zai ga akwai hanya a nan."

Ta matso kusa. Ta dai riƙe masa turken yana zuba duwatsu a gindinsa.

Da yamma ta gaya wa babanta cewa Rory na son aurenta. Lauchie ya dangwarar da kofi.

"Ɗan Dougald? Mutanen da suka kashe uwarki?"

"Ku biyu ne, Baba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ne, da ya san yadda zai rama. Ya zauna yana kallon hannuwansa har shayin ya huce.

Washegari aka ga Lauchie a ƙofar Dougald, hularsa a hannu. Abin da suka tattauna, ba wanda ya sani. An dai ga tsofaffin sun fito tare da gwangwanin fenti, suna gardama a kan wanda ya fi iya rubutu. Sunan Effie suka rubuta a allon.

Isla ta fasa tafiya Halifax. Da bazara aka ɗaura aure a coci, aka dawo farfajiyar gida ana goge da rawa. Tana murmushi saboda ta san amarya murmushi take yi.

Can sai wani abokin aikin Rory, wanda bai taɓa zuwa tsibirin ba, ya iso ya miƙa mata hannu.

"Allah ya ba da zaman lafiya, amarya. Kin ga ko wahalar neman gidan ban sha ba. Ina ganin allon na karyo kwana."

Isla ta ce masa ta gode. Sai kukan da ya ƙi zuwa tun bara ya kece mata gaban kowa, har mai goge ya tsaya.

Rory ya rungume ta. "Yi abinki, maƙwabciyata. Ina nan."

"Zafi, Rory," ta ce cikin shessheƙa. "Wallahi akwai zafi."

Lauchie ya dafa kawunansu. "Allah ya yi muku albarka, ku biyun."

Dougald ne ya fara cewa amin.