Idon da Ya Leƙa Kogon Tsamiya

Wata Laraba ce cikin kaka, rana ta sunkuya bayan duwatsun Kazaure. Tasalla na kwashe tuwo, 'yarta Asma'u mai shekara goma sha uku tana kora kaji akurki. Maigidan kuwa, Sama'ilu malamin gona, yana can bayan gida inda ya saba, durƙushe a gindin katanga, ya kanne ido ɗaya, ya manna ɗayan a jikin kyamara.

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi, abokan aikinsa kowa ya sayi babur ko rediyo mai kaset. Shi ya tafi Kano ya dawo da kyamara da wani dogon gilashi da ake ɗaura mata a baki, mai jawo nesa kusa. Na arha ne, ba shi da nauyi, kuma da zarar haske ya ragu sai ya fara ba da hoto dishi-dishi, amma Sama'ilu ji yake da shi kamar ɗan fari. Ba mutane yake ɗauka ba, wai mutane sun cika gyara fuska. Tsuntsaye yake bi. Yakan watsa gero ƙarƙashin tsohuwar tsamiyar da ke bayan gidan, ya girke kasko da ruwa, ya laɓe. Kurciya da baiwar Allah da shaya mai sheƙi duk sun san shi, sun kuma raina shi, don sai ya gama saiti tsaf sannan su tashi.

Unguwa ba ta ƙaunar wannan sana'a. Maƙwabcinsa na gabas, Daudu, ya ƙara wa katangarsa tsawo, ya daina amsa masa gaisuwa, yana faɗa a majalisa cewa abin da ya jawo tsuntsu kusa ba zai ƙi jawo matar mutum ba. Maganar ta yi wa Sama'ilu zafi ƙwarai, shi da ko mai ruwa bai taɓa wuce zaurensa ba.

A wannan yammacin wata tsuntsuwa ta sauka bakin kaskon, fara tas, mai jan baki, irin wadda bai taɓa gani ba. Ta sha ruwa sau biyu, ta tashi, ta shige wani kogo da ke jikin tsamiyar, daidai tsayin kan mutum.

Tasalla ta leƙo ta ƙofar baya. "Malam, an kusa kiran salla. Ka bar wurin itacen nan haka."

"Ki kula da tukunyarki," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Ya matsa a hankali, ya miƙa bakin gilashin saitin kogon, ya murɗa har duhun ciki ya cika masa ido. Ya danna sau ɗaya, ya danna na biyu. A na ukun ne tsuntsayen da suka cika tsamiyar da hayaniya suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an kife musu kwano. Sama'ilu ya ji tsigar jikinsa ta tashi, amma ya ce sanyin yamma ne, ya naɗe kayansa ya tafi masallaci.

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki suna cikin cin tuwo. Na biyu ya fasa tulu. Duwatsun masu santsi ne, girman ƙwai, kuma da Tasalla ta ɗauki ɗaya sai ta ji shi da ɗumi. Daga magariba har kiran isha'i ana jifa, ana kiran salla aka daina. Washegari haka, jibi ma haka.

Sama'ilu bai yi wata-wata ba, ya ce Daudu ne. A rana ta uku ya fita da dutse a hannu ya same shi a ƙofar gida, suka yi ta zage-zage har mutane suka taru. Daudu ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ni ba ni jifa, in na tashi da sanda zan zo. Je ka tambayi wanda ka leƙa." Bai rufe baki ba wani dutse ya sauko daga sama tsaye, ya faɗi tsakaninsu, bai ko mirgina ba. Mutane suka watse ba sallama, daga ranar kuma babu wanda ya sake aiko yaro ɗiban wuta gidan.

Sai muryoyi suka biyo baya. Da rana ta yi ja, akan ji kukan mace can ƙasa-ƙasa daga wajen tsamiya, kuka na wadda aka ci wa mutunci, ana kuma jin muryar namiji yana huci a madafa alhali ba kowa a ciki. Tasalla ta daina yi wa mijinta magana sai dole. Ta ajiye masa abinci ta juya, in ya kira ta amsa daga nesa.

A rana ta shida Asma'u ta zauna tsakar gida da safe, ba ta sake tashi ba. Idanunta a buɗe, ba ƙiftawa. Aka ajiye mata koko ba ta gan shi ba, aka gilma hannu a fuskarta ba ta motsa ba. Amma duk inda uwarta ta nufa, idanun na biye da ita, da wani irin kallo mai nauyi wanda ba na 'ya ba ne, ba ma na mace ba. Kafin azahar Tasalla ta shiga ɗaki ta yafo mayafi, ta rufe fuska a gaban 'yar da ta haifa. A asibiti likitoci suka haska idanun suka ce lafiyarsu lau.

Washegari ƙanin Tasalla ya ɗauko Malam Hamma mai cire aljanu daga Roni a kan babur, wani tsoho siriri mai ƙarancin magana. Bayan la'asar ya iso. Ya yi sallama a zaure, ya shigo tsakar gida, sannan ya fuskanci tsamiyar ya sake yin wata sallamar, ya jira kamar mai sauraron amsa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zuba hayaki a kasko, ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Inuwar katanga ta rarrafo har ta taɓa ƙafar Asma'u, a nan bakinta ya buɗe, murya ta fito mai kauri, ta magidanci.

"Kai ka yi sallama, tsoho. Shi bai yi ba."

"Wa ke magana?" in ji Malam Hamma.

"Mai gidan da ke cikin tsamiya. Ina nan tun ba a haƙa harsashin wannan ɗaki ba. Ya watsa gero, na ƙyale. Ya dami tsuntsayena, na ƙyale. Ranar Laraba matata na wankan jego, ta ɗaga kai sai ga idon ƙato a ƙofar ɗakinta. Yau kwana bakwai ba ta sa komai a baki ba, jinjiri na kuka babu nono."

Sama'ilu ya zabura ya shiga ɗaki, ya fito da hotuna uku da Julius mai shagon hoto ya wanke masa. Ya shimfiɗa su a tabarma. Baƙi ƙirin suke, sai ɗan farin tabo a gefen guda. "Allah gafarta Malam, duba da kanka. Gilashin ba ya gani a duhu. Wallahi ban ga kowa ba, tsuntsuwa na bi."

Kan Asma'u ya juya gare shi a hankali. "Bara wani magini ya hau gyaran soron Daudu, ya waiga gidan nan sau ɗaya. Ka fasa masa baki. Ka tambaye shi abin da ya gani?"

Haka kuwa aka yi, Sama'ilu bai tambayi maginin komai ba.

"Ya yi laifi cikin rashin sani," in ji Malam Hamma. "Yarinyar kuwa ba ta da hannu. Ka ji tsoron Allah ka sake ta. Za a fasa kyamarar a gabanka, a ƙone hotunan, a toshe ƙofar baya."

"Gilashi ba ya sha'awar kallo. Mai shi ne ya kalla."

"To a yanka maka rago, a nemi gafarar iyalinka."

"Ba yunwa ta kawo ni ba."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, yana tofawa. Jikin yarinyar ya ɗauki makyarkyata, gumi ya jiƙe mata riga, muryar ta yi ta gurnani tana tsine wa gidan da mai gidan. Aka daɗe ana haka, har tsohon ya fara haki, amma kallon nan bai bar idanun ba. Can muryar ta sassauta.

"Ka ƙona ni, tsoho, zan fita. Na zo ne da niyyar idanu biyu, na bar ɗaya saboda karatunka. Ido ɗaya ya leƙa, ido ɗaya zan tafi da shi. Nasa, ko na wannan da nake ciki. Shi zai zaɓa, da bakinsa."

Malam Hamma ya sunkuyar da kai, ya share gumi da gefen rawani. Ya ce a hankali, "Iyakar ƙarfina ke nan, Sama'ilu. Amsa masa."

Babu wanda zai ce Sama'ilu ba ya son 'yarsa. Yana sonta, ya kuma san amsar, tana nan a kan harshensa. Amma hannunsa ya tashi da kansa ya dafe idonsa na dama, ya tuna aikin gona da takardun ofis, ya tuna yadda wuyan shaya ke sheƙi a cikin gilashi da hantsi. Ya ji tsoro, tsoro tsirara irin wanda bai san yana da shi ba. Ya buɗe baki ya ce, "Ko dai a ƙara shanu biyu a kan ragon..."

Tasalla ta yaye mayafinta ta dube shi.

"Na ji amsarka," in ji muryar.

Iska ta kaɗa tsamiyar sau ɗaya, Asma'u ta sulale kan tabarma. Sai a lokacin Sama'ilu ya faɗi a gwiwa yana cewa nasa za a ɗauka, nasa, ya faɗa ya fi sau goma yana fuskantar itacen. Tsuntsaye suka ci gaba da hayaniyarsu, ladan ya kira magariba, ba a yi jifa ba.

Da yarinyar ta farfaɗo ta nemi ruwa da muryarta, uwar ta rungume ta tana kuka. Malam Hamma ya rufe mata idon dama, ya ɗaga yatsu, ta ƙirga daidai. Ya rufe na hagu, ta ce duhu ne. Idon yana nan garau, baƙinsa da farinsa, sai dai ba kowa a ciki.

Sama'ilu ya rarrafo kusa da ita. "Ma'u, ba ki cikin hayyacinki, ba ki san yadda abin ya kasance ba. Bari in gaya miki."

"Ina jin komai, Baba," ta ce.

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara zama a kan tabarmar, ta juya kanta a hankali har uban ya koma ɓangaren da ba ta gani. Shekara ashirin da huɗu ya ƙara a duniya, tana gaishe shi, tana kawo masa abinci, ta yi jinyarsa har ranar da ya cika, kuma ta wannan ɓangaren take zama da shi kullum.