Maganin Tsutsa Ya Koma Farar Ƙasa

Ranar Talata da hantsi, a ɗakin shan magani na Yargoje, ƙwayar maganin tsutsar ciki ta marmashe a hannun ungozoma Hajiya Zulaihatu. Ta ɗanɗana. Farar ƙasa ce, an mulmula ta tsaf. Duk gwangwanayen haka suke, kuma ba a fasa kwaɗo ba.

Nan da nan gari ya ɗauka cewa aljanun tsamiyar bayan ɗakin ne suka juya magani. Ga Najiba, jikar mai gadi Malam Nata'ala, kwance ciki kamar ƙwarya. Sau biyu ana ba ta, ko tsutsa ɗaya ba ta fita ba.

Sufeto Abdulgafar ya zo daga Kankara, mutumin da bai taɓa kama aljani ba, bai kuma sa ran farawa yau ba. Ya fara da Mas'ud, direban da ya kawo kayan.

"Yallaɓai, a gaban Hajiya na sauke."

"Gaskiya ne," in ji Hajiya. "Yaran da na ba ranar duk sun zubar da tsutsa."

"Wa ke riƙe makulli in kin fita karɓar haihuwa?"

"Malam Nata'ala."

Tsohon ya rage murya. "Yallaɓai, wata inuwa nake gani tana shiga da tsakar rana."

Sufeto ya zaga gari. Tsit, ba kaza ko ɗaya a titi. Can ya same su, kajin unguwa kaf, a bayan wata danga suna tsattsaga ba ko kuka. Ya tsuguna. Kashin raguna ne, fal da matattun tsutsotsi.

Ya sa aka kira mai gidan, sai ga Malam Nata'ala.

"Baba, kajin ne suka tona ka. Rago ba ya zubar da tsutsa sai an ɗura masa magani. Ragunanka shida na Babbar Sallah sun shanye rabon yara."

Malam Nata'ala ya sunkuyar da kai. "Cewa na yi ai za a ƙaro wani."

Hajiya ta cafki hannun rigarsa. "Haba Malam! Kawo sauran, ko guda ce, mu ba yarinyar nan."

Ya dubi babban ragon da ke tuƙa. "Ta ƙarshe na ba shi da safen nan."

Bai rufe baki ba, kukan mata ya tashi daga cikin gidansa, inda Najiba ke kwance.