Allah Ya Isa Kan Fayil Guda

Karo na goma sha ɗaya ke nan Injiniya tana ƙoƙarin haɗa manhajar kamfaninsu daga tushe, kwamfuta tana watso mata jan rubutu iri ɗaya: wani fayil da manhajar ta dogara da shi ba ya nan. Da safe za a miƙa aikin, ga ofis ya watse tun isha'i.

Ta daki tebur. "Wanda ya rubuta wannan abu, ya ɓoye fayil ya yi gaba, Allah ya isa tsakanina da shi! Ban yafe ba!"

"Haba 'yata, sassauta."

Wani dattijo ne a teburin ƙurya, teburin da ba mai zama a kansa. Ta ɗauka mai gadi ne.

"Baba, ƙyale ni! Mugu ne, ko layi ɗaya na bayani bai bari ba."

Ya matso yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabon da a yi ruwa an fi wata. Ya ɗora yatsu kan madannan kwamfutarta, suna ta gudu, amma ko ƙas ba ta ji ba. Jan rubutu ya koma kore.

"Ba ɓoyewa na yi ba," in ji shi. "Cewa na yi sai da safe in ɗora fayil ɗin, safiyar ce ban gani ba. Ke ce ta shida da ta ja mini Allah ya isa, kuma kowace tana samuna inda nake kwance."

Ta dubi gilashin taga. Ga ta, ga kujera, ga kwamfuta. Babu kowa a bayanta.

"Janye taki, 'yata," aka ce dab da kunnenta. "Ina jira."